Biri Ya Yi Kama da Mutum: Auna Ƙarina Idan An Tuhumi Uwa da Kashe Ɗanta

 

Darasinmu na wannan karon yana cikin babin hukunci da shaida, a kan abin da malaman fiƙihu suke kira ƙarina, jam'inta ƙara'in. Ƙarina ita ce alamar da take a fili, a kafa hujja da ita a kan abin da ya ɓuya. Babu wanda ya ga aikin da idonsa, babu wanda ya amsa laifi da bakinsa, sai dai ga sawu, ga jini, ga ƙofa a kulle, ga wata magana da aka ji jiya. A irin wannan wurin ne Bahaushe yake cewa biri ya yi kama da mutum. Na zaɓi in ɗora darasin a kan mafi nauyin misalanta, wato uwar da ɗanta ya mutu a hannunta aka ce ita ta kashe shi. Irin wannan mutuwa a cikin ɗaki take aukuwa, galibi da dare, kuma wadda ta fi kowa kusa da yaron a lokacin ita ce uwarsa. Shi ya sa shari'ar kusan kullum a kan ƙarina take tsayawa.

Wani zai ce, me ya haɗa mazauna Sana'iyya da wannan? Mu da muke tsakanin gareji da sito da masaukin ma'aikata, titi mai lamba bayan titi mai lamba, unguwar da mutum zai yi wata guda bai ji kukan jariri ba. Abin da ya haɗa mu da shi yana cikin aljihunmu. Iyalan da yawanmu suna Kano da Katsina da Maraɗi da zangon Kumasi, labarin gida kuwa ta waya yake iske mu, cikin guntun saƙon murya. Mutum yana kwance a gadonsa na sama bayan wunin aiki, a ce masa ɗansa ya rasu, a biyo da cewa "amma fa akwai magana". A wannan daren shi ne alƙali, kuma hukuncin da ke hannunsa, saki ne ko yanke zumunci, ba ya jiran kotu. Sannan akwai masu iyali a nan da Turai da Amurka, waɗanda wata rana su ne za a iya ɗorawa a kan ma'aunin.

Mu fara da asali. Aiki da ƙarina yana da tushe mai ƙarfi, kuma Suratu Yusuf kaɗai ta ishe mu. An kawo wa Annabi Yaƙub (AS) rigar ɗansa da jini a jikinta, aka ce kerkeci ne ya cinye shi. Malaman tafsiri sun ambaci cewa ya duba rigar ya gan ta lafiya lau, babu inda haƙori ya yaga, sai ya gane ƙarya ce. Jini alama ce, rashin yagewa ma alama ce, kuma ta biyun ta rinjayi ta farko. Imam Ƙurɗubi, wanda Bamalike ne, ya ciro daga nan cewa wajibi ne mai duba al'amari ya lura da alamomi idan sun ci karo, ya yi hukunci da wadda ta rinjaya. Can gaba a surar kuma wata rigar ce ta wanke Annabi Yusuf (AS), domin ta baya aka yage ta.

Hadisin mata biyun nan da ke cikin Bukhari da Muslim ya fi kusa da mas'alarmu. Kerkeci ya ɗauke ɗan ɗayarsu, suka yi jayayya a kan wanda ya rage. Annabi Dawud (AS) ya ba babbar. Annabi Sulaiman (AS) ya nemi a kawo wuƙa a raba yaron, sai ƙaramar ta haƙura ta ce na babbar ne, shi kuwa ya hukunta mata shi. A lura da kyau: ta faɗa da bakinta cewa ba ɗanta ba ne, amma bai ɗauki iƙirarin nata ba, saboda ƙarinar da ta bayyana ta fi shi ƙarfi. Ƙarinar kuwa ita ce tausayin uwa. Ibnul Ƙayyim ya tsaya a kan wannan a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, Ibnu Farhun ma ya ware wa hukunci da alamomi babi a Tabsiratul Hukkam, littafin da alƙalan Malikiyya na ƙasarmu suka daɗe da sani. Mazhabarmu ma tana cikin waɗanda suka fi buɗe wa ƙarina ƙofa, har ta karɓi warin giya a bakin mutum a matsayin hujja. Wanda ya buɗe ƙofa da faɗi haka, shi ya fi kowa bukatar mai gadi a bakinta.

Shi Ibnul Ƙayyim ɗin, da yake kare aiki da ƙarina, ya kawo ƙissar da take tsoratar da mai gaggawa. A zamanin Sayyidina Aliyu (RA) an kama wani mutum a cikin kango, wuƙa a hannunsa jina-jina, ga gawa tana kwance a gabansa. Ya amsa laifi. Ana shirin zartar da hukunci sai ainihin wanda ya yi kisan ya fito. Ashe mutumin mahauci ne, ya yanka saniya, fitsari ya matsa masa ya shiga kangon da wuƙarsa, ya ci karo da gawar. Ya amsa ne domin ya ga babu mai gaskata shi. Wuƙar gaskiya ce, jinin gaskiya ne, tsayuwarsa a wurin gaskiya ce. Labarin da aka ɗinka da su ne ƙarya.

Yanzu mu dawo garin nan da muke zaune. A shekarar 2012 wasu ma'aurata 'yan Amurka masu asalin Asiya, Matthew Huang da matarsa Grace, suka tare a Doha. Mijin injiniya ne da ya zo aikin ruwa, suna tare da yara uku da suka ɗauko riƙo daga Afirka. Ranar 15 ga Janairun 2013 'yarsu Gloria, mai shekara takwas, wadda suka ɗauko daga Gana, ta rasu. Aka kama su, aka tuhume su da cewa sun hana ta abinci har ta mutu, har aka jefa zargin safarar mutane da cinikin sassan jiki. Ƙara'in da aka tara su ne ramar yarinyar, da faɗar iyayen da kansu cewa ta yi kwana huɗu ba ta ci ba, da zargin cewa ana kulle ta a ɗaki. Sai kuma wata ƙarinar da ta yi nauyi a zukatan masu bincike: me zai sa mutanen da ba baƙaƙe ba su je Afirka su ɗauko yaran da ba su yi kama da su ba, in ba da wata manufa ba?

Iyayen suka ce yarinyar ta taso cikin matsananciyar yunwa kafin ta zo hannunsu, ta kuma yi fama da cutar ciki, abin ya bar mata wata ɗabi'a: takan ƙi abinci na kwanaki, sannan ta dawo ta ci fiye da kima. Lauyoyinsu suka soki rahoton binciken gawa, suka ce bai tabbatar da cewa yunwa ce ta kashe ta ba. Sun yi kusan wata goma a tsare kafin a sake su a Nuwambar 2013 tare da hana su barin ƙasar. A Maris ɗin 2014 kotun farko ta bar maganar kisan kai, ta same su da laifin jefa rayuwar yarinya cikin haɗari, ta yanke musu shekara uku. Ranar 30 ga Nuwambar 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta Qatar ta rushe hukuncin ta wanke su, tana mai nuni da raunin da ke cikin hujjar likitanci da kuma shaidun da suka nuna yarinyar tana samun kulawa. Suka bar ƙasar ranar 3 ga Disamba.

Abu na farko da nake so mu ɗauka daga wannan shari'a shi ne jerin tambayoyi. Kafin a ce wa ya kashe, sai an tabbatar da cewa kisa aka yi. A ƙissar mahauci gawar a yanke take, kisan ba ya bukatar hujja, mai kisan ake nema. A mutuwar yaro kuwa sau da yawa tambayar farkon ce ba a amsa ba, mutane su tsallake ta su faɗa ta biyu. Da zarar an tsallake, sai komai ya koma alama: in ta yi kuka a ce na munafunci ne, in ba ta yi ba a ce zuciyarta dutse ce. Ni a ganina yaron da ya yi kwana huɗu bai ci ba asibiti ya kamata a kai shi, ko da an saba ganin haka daga gare shi. Sai dai tsakanin "da an kai ta asibiti" da "sun kashe ta don su sayar da ƙodarta" akwai tafiya mai nisa ƙwarai, kuma shari'a ba ta yarda a yi wannan tafiyar a kan jakin zato ba.

Na biyu ya fi shafarmu, mu baƙi. Ƙarina da al'ada ake karanta ta. Abin da ya sa wani abu ya zama alama shi ne ya saɓa wa abin da aka saba gani, to amma wa ya saba? Ɗauko yaro daga wata nahiya a mai da shi ɗan gida sanannen abu ne a Amurka, baƙon abu ne a ƙasashen Larabawa, inda aka san kafala aka kuma san cewa Musulunci ya hana jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Mai binciken ya auna su da mudun garinsu, sai baƙuntar al'adarsu ta zame masa hujja. Kama da wane ba ta wane.

To mu juya madubin. Ku ɗauki Bahaushiya ko Bafulatana da ɗanta na fari ya rasu a wata ƙasa. Ita an tarbiyyantar da ita a kan alkunya: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta shi takan kau da kai. An koya mata cewa kururuwa a kan mamaci haramun ce, don haka za ta zauna shiru tana istirja'i. Mijinta kuma zai matsa a ba su gawa a rufe yau yau, yana ƙin a tsaga ta. A jikin yaron akwai tabon ƙaho ko na sakiya daga gida, ko an cire masa beli a wurin wanzami. Kowanne cikin waɗannan mu mun san fassararsa. Ɗan sandan da bai taɓa jin kalmar alkunya ba kuwa, ga abin da zai rubuta: uwar ba ta nuna damuwa ba, ba ta ambaci sunan yaron ba, iyayen suna gaggawar binnewa, akwai tabbai a jiki. Ƙara'in huɗu ke nan a takarda, alhali babu ko ɗaya da ta taɓa sanadin mutuwar. Kuma kada mu manta, iyalan Huang fasfon Amurka gare su, ƙungiyoyin lauyoyi sun tsaya musu, har sakataren harkokin wajen ƙasarsu na lokacin, John Kerry, ya yi magana a kansu. Duk da haka sai da suka yi kusan shekara biyu. 'Yar'uwarmu mai aikin gida ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wannan cuta ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. A Ostareliya, ranar 17 ga Agustan 1980, Lindy Chamberlain ta ce wani karen daji da suke kira dingo ya ɗauke jaririyarta Azaria daga tanti kusa da dutsen Uluru. Jama'a suka ƙi yarda, suka ce fuskarta ba ta mai baƙin ciki ba ce, suka kuma yi ta ƙirƙirar maganganu a kan ɗariƙarta ta Kirista da ba su saba da ita ba. Wata ƙwararriya ta shaida cewa an ga jinin jariri a motarsu. A 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai. A 1986 aka tsinci rigar saman jaririyar a yankin da karnukan suke da ramuka, daga baya kuma ya bayyana cewa abin da aka kira jini a ƙarƙashin gaban motar wani sinadari ne da kamfani yake fesawa don rage ƙara. An soke hukuncin a 1988, amma sai a 2012 hukuma ta rubuta cewa karen ne. Dubi ikon Allah: 'yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun ce dabba ce, ƙarya suke yi, wannan mata ta ce dabba ce, gaskiya take faɗa. A duka biyun riga ce ta raba gardama.

Akwai wata ƙarina da mu Hausawa muka fi kowa bukatar mu yi hattara da ita, wato maimaituwar mutuwa. Macen da take haihuwa 'ya'yan suna komawa muna cewa tana wabi, kuma duk mun san abin da ake raɗawa a bayanta: maita, ko asirin kishiya, ko cewa ta ba da su ne. Turawa ma sun faɗa wannan ramin, da lissafi a hannunsu. A Ingila, wata lauya mai suna Sally Clark ta rasa jarirai biyu, ɗaya a 1996 ɗaya a 1998. Wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya gaya wa kotu cewa yiwuwar hakan ta auku haka kawai a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Aka ɗaure ta a 1999. Kuskuren lissafin shi ne ya ɗauki mutuwar farko da ta biyu tamkar babu abin da ya haɗa su, alhali uwa ɗaya, uba ɗaya, jini ɗaya, gida ɗaya. A Janairun 2003 aka sake ta bayan ya bayyana cewa akwai sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayar cuta a jikin na biyun, ba a gabatar da shi ba. Ba ta ƙara komawa daidai ba, ta rasu a 2007. Kathleen Folbigg ta Ostareliya kuwa shekara ashirin ta yi a kurkuku a kan 'ya'ya huɗu, kafin binciken ƙwayoyin gado ya nuna wata larurar zuciya a 'ya'yanta mata biyu, aka sake ta a 2023.

Mu ba ma bukatar zuwa nesa. Idan miji da mata duka suna ɗauke da rabin sikila, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da cikakkiyar cutar, kuma a ƙasar Hausa masu ɗauke da rabin suna da yawa ƙwarai, ga auren zumunci yana ƙara haɗa jini. A ƙara da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ƙyanda. Mutuwar yara uku a ɗaki ɗaya, a irin ƙasarmu, ta fi nuni zuwa ga ɗakin gwajin jini fiye da ofishin 'yan sanda. Rabin jinin da ake magana kuwa na uban ne, wato namu.

Malamanmu sun gina wa iyaye wata kariya ta musamman, saboda sun ɗauki soyayyar mahaifi a matsayin ƙarina mai zaman kanta. Mafi yawan malamai ba sa yin ƙisasi ga mahaifi saboda ɗansa. Imam Malik ya bambanta: idan aikin yana iya ɗaukar fassarar horo ko fushi, kamar jifa, to diyya ce mai nauyi, sai idan niyyar kisa ta fito fili ba ta ɗaukar wata fassara, kamar ya kwantar da shi ya yanka, sannan a yi ƙisasi. Uwa ma haka hukuncinta yake. A cikin Muwaɗɗa akwai hukuncin Sayyidina Umar (RA) a kan mutumin Banu Mudlij da ya jefi ɗansa da takobi ya mutu: ya karɓi raƙuma ɗari ya ba ɗan'uwan mamacin, ya hana uban gado a ciki. Wannan fa inda aikin ya tabbata ke nan, ina ga inda ba a ma san ko an yi wani aiki ba? Ba ina cewa uwa ba ta kisa ba. Yakan faru, wani lokacin saboda tsoron abin kunya, wani lokacin saboda taɓin hankalin da ke biyo bayan haihuwa, wanda shi ma yana da nasa hukuncin a babin ɗauke alƙalami. Jinin yaro kuma ba ya tafiya a banza don kawai wadda ake zargi uwarsa ce. Abin da nake cewa shi ne, ƙarinar da za ta rinjayi tausayin uwa sai ta zama mai nauyin gaske, kuma alƙali ne yake auna ta bayan ya ji likita ya ji wadda ake tuhuma. Zauren WhatsApp na dangi ba kotu ba ne.

Wani ɗan'uwa a masaukinmu ya taɓa zuwar mini da saƙon da aka aiko masa daga gida, cewa jaririnsa na wata biyu an wayi gari babu rai, kuma ana cewa uwar ce ta danne shi cikin barci don nauyin barcinta da sakacinta. Ya riga ya rubuta saki a waya, bai aika ba. Na tambaye shi, wa ya gani? Babu. Likita ya duba? A'a, an rufe shi kafin azahar. Yaron lafiyarsa ƙalau da daren? Sai ya tuna an ce jikinsa ya yi zafi kwana biyu kafin nan. Na ce masa, ko da ya tabbata ta danne shi, malamai a babin kuskure suka sa shi, da kaffara da diyya a kan dangi, babu wanda ya kira ta mai kisan kai. Idan kuwa bai tabbata ba, asali shi ne wuyanta a kuɓuce yake. Likitoci ma sun san jarirai kan mutu cikin barci ba tare da an gano dalili ba, ko bayan cikakken bincike. Ya goge abin da ya rubuta, ya kira ta ya yi mata ta'aziyya, domin har lokacin babu wanda ya yi mata.

Ga masu iyali a nan da sauran ƙasashen baƙunta, akwai abubuwan da suke zama ƙarina a gare ku tun kafin ranar bukata. Ku adana katin asibitin yara da na rigakafi da duk takardar magani. Idan akwai sikila ko farfaɗiya ko wata larura a dangi, ku sa likita ya rubuta. Yaro in ya ƙi abinci ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi, a bar jiran gobe. In Allah ya ƙaddara rasuwa a gida, a kira lambar agajin gaggawa nan take, kada a wanke, kada a kwashe kayan ɗakin. Kada a yi gardama da binciken gawa idan hukuma ta nema, domin malamai na wannan zamani sun halatta shi saboda tabbatar da haƙƙi, kuma sau da yawa shi ne yake wanke uwa. A nemi tafinta, kada a sa hannu a takardar Larabci ko Turancin da ba a fahimta ba, a sanar da ofishin jakadanci da shugabannin ƙungiya. Wanda zai yi tafinta kuma ya fassara al'ada tare da magana, ya bayyana wa mai bincike mene ne alkunya, me ya sa ba ta kuka, tabon nan na mene ne.

A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu shiga lausu da ƙasama, wato rantsuwa hamsin da Malikiyya suke sa dangin mamaci su yi idan ƙarina ta yi ƙarfi amma ba ta kai shaida ba, da sharuɗɗan da suka gindaya kafin a kai ga haka. Allah ne mafi sani.